Yadda Ake Auna Tsara Tunani da Kame Kai a Wajen Yara da Matasa

Malami yakan ce wane yana da gaggawa, wance kuma tana da natsuwa, amma da ido yake hukunci. Masana halayyar ɗan Adam suna da gwaje-gwajen da ke mayar da wannan hasashe abin da za a iya ƙirgawa. Ɗaya daga cikin waɗanda suka fi shahara shi ne gwajin da ake kira Hasumiyar Landan, wanda Tim Shallice ya fito da shi a Ingila a 1982 don gwada masu rauni a gaban ƙwaƙwalwa, sashen da ke bayan goshi. Wannan sashe shi ke riƙe da tsari da birki, wato tsara tunani da kame kai, kuma ba ya gama nuna sai mutum ya haura shekara ashirin.

Da farko ka haɗa kayan aiki. Kowane kafinta zai iya yi maka: katako ɗaya da aka kafa wa sanduna uku, doguwa mai ɗaukar ƙwallo uku, matsakaiciya mai ɗaukar biyu, gajera mai ɗaukar ɗaya. Sai ƙwallaye uku masu huda a tsakiya kamar 'ya'yan carbi, ja da kore da shuɗi. Ka zana katuna masu nuna yadda ake so ƙwallayen su zauna a ƙarshe, daga mai buƙatar motsi biyu har zuwa biyar. Ka tanadi agogon waya da takarda.

Sai neman izinin iyaye, da yardar yaron kansa. Kada ka gwada shi da yunwa, ko bayan ya kwaso rana daga makaranta, ko a gaban abokansa. Ka tabbata yana bambance launukan, domin akwai yaran da ja da kore ke rikita wa ido, musamman maza.

Yanzu ka yi masa bayani da harshen da yake ji sosai. Ƙwallo ɗaya ake ɗagawa a lokaci guda, ba a ajiye ta a kan tebur, ba a riƙe ta a hannu a ɗauki wata, ba a ɗora wa sanda fiye da ƙarfinta. Ka ce masa, "Ka duba katin nan, ka mayar da naka kamarsa da motsi kaɗan iya yadda za ka iya." Ku yi gwaji ɗaya tare wanda ba za a ƙirga ba.

A nan ne aikin yake. A ce kore tana ƙasan doguwar sanda, ja na kanta, shuɗiya kuma tana kan matsakaiciya. Katin ya ce ja da shuɗiya su yi musanyen wuri. Mai gaggawa, kafin ka gama ajiye katin hannunsa ya kai kan ja, ya ɗora ta a kan shuɗiya tunda can ne masaukinta, sai ya ga ya danne wadda yake son ɗagawa. Mai tsari kuwa zai yi shiru, idonsa na yawo tsakanin sandunan, wani lokaci har leɓensa na motsi. Sai ya kai ja kan gajera ta ɗan jira, ya ɗora shuɗiya a kan kore, ya mayar da ja kan matsakaiciya. Motsi uku, an gama.

Abu huɗu za ka rubuta: yawan motsin da ya yi, ko ya karya doka, tsawon lokacin da ya ɗauka gaba ɗaya, da kuma daƙiƙun da suka wuce tsakanin ganin kati da taɓa ƙwallon farko. Ni wannan na ƙarshen na fi ba muhimmanci, kuma shi ne sabon mai gwaji ya fi mantawa. Abin dubawa shi ne ko shirun yaron yana ƙaruwa idan katin ya ƙara wuya. Dustin Albert da Laurence Steinberg sun gwada mutum 890 a Amurka, daga 'yan shekara 10 zuwa 30, suka wallafa sakamakon a 2011: iya warware katuna masu wuya bai daina ƙaruwa ba sai a farkon shekaru ashirin, kuma kame kai na cikin abin da ya kawo bambancin. Saboda haka ɗan shekara goma sha huɗu da ya yi wuf ba lallai ne yana da matsala ba.

Bayan ya huta, ka ƙara da gwajin birki zalla. Ga ƙananan yara, akwai na dare da rana: in ka nuna hoton rana ya ce "dare", in ka nuna wata da taurari ya ce "rana". Ga manya akwai gwajin Stroop na 1935, inda za a rubuta kalmar "ja" da koren tawada a ce ya faɗi launin tawadar. Amma wannan sai ga wanda karatun boko ya zauna masa. Almajirin da bai saba da haruffan ba, cikin sauƙi zai wuce shi, ba don ya fi kowa kame kai ba.

Wajen fassara sakamako ake yawan zaluntar yara. Ma'aunan da ake kwatanta maki da su galibi daga yaran Turai da Amurka aka samo su, kuma tarbiyya na taka rawa. Da aka yi gwajin jiran lada ga 'yan shekara huɗu na ƙabilar Nso a Kamaru, aka ajiye musu fanke aka ce wanda ya jira minti goma zai sami biyu, kusan kashi 70 cikin ɗari sun jira, yayin da na Jamus ba su kai kashi ɗaya cikin uku ba. Don haka ka kwatanta yaro da tsaransa na gari ɗaya, kuma kada ka laƙaba masa sunan cuta da katakon da kafinta ya yi maka. Idan makinsa ya yi ƙasa sosai, iyaye da malamai kuma suna ganin haka a gida da aji, a kai shi wurin ƙwararru a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano ko asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kaduna, Kware da Maiduguri, a tafi da takardar da ka rubuta daƙiƙun a kai.