Yadda ake zaɓen tsibirin da za a je hutu daga Abuja

Yawancin masu neman shawara kan hutun bakin teku da hoto suke zuwa a waya: farin yashi, ruwa garai-garai, da ɗaki a kafe a tsakiyar ruwa. Hoton ba ya faɗin watan da aka ɗauke shi, ba ya kuma faɗin irin fasfo ɗin da yake aljihun wanda ya ɗauka. Ga mai koren fasfo da zai tashi daga filin jirgin saman Nnamdi Azikiwe, waɗannan abubuwa biyu su ne masu yanke hukunci, saboda haka da su ake farawa, hoto kuwa ya jira nasa lokacin.

Matakin farko shi ne ka rubuta sunayen tsibiran da kake sha'awa, sannan ka tace su da sharaɗin biza. Maldibi, wadda take tekun Indiya kudu maso yammacin ƙasar Indiya, tana ba baƙo bizar kwana 30 kyauta a filin jirgi, muddin ya nuna tikitin komawa da shaidar masauki. Kap Barde, tsibiran da suke tekun Atlantika yamma da Senegal, tana cikin ƙungiyar ECOWAS, don haka ɗan Najeriya ba ya buƙatar biza kafin ya shiga. Zanzibar kuwa ɓangaren Tanzaniya ce, kuma bizarta ga ɗan Najeriya sai an nema tun daga gida an jira amincewa, abin da kan ɗauki makonni. A 2023 hukumomin Saishal, wata ƙasar tsibirai a tekun Indiya, sun taƙaita shigar masu fasfo ɗin Najeriya da suke zuwa yawon buɗe ido, duk da cewa ƙasar ta yi suna wajen karɓar baƙi ba biza, wanda hakan ya isa ya nuna maka cewa a shafin hukumar shige da fice ta ƙasar ake tabbatar da doka, ba a bakin abokin da ya je shekara uku da suka wuce ba.

A nan ne Barbados, ɗaya daga tsibiran Karibiyan, take yaudarar mutane. Gaskiya ne ba ta neman biza daga ɗan Najeriya, amma hanyar da aka saba bi zuwa can ta Landan ce ko ta Amurka, kuma duka biyun suna neman bizar wucewa ko da ba za ka fita daga filin jirgi ba. Idan ba ka da bizar Ingila ko ta Amurka a hannu, shawarata ita ce ka ajiye tsibiran Karibiyan a gefe tukuna. Ka kuma duba ranar ƙarewar fasfo ɗinka, domin galibin ƙasashen nan suna so ya kasance da sauran wata shida.

Mataki na biyu, wanda na fi so a daɗe a kansa, shi ne daidaita tsibiri da watan da kake da hutu. Mu nan mun saba damina ta fara wajen Afrilu ta ɗauke a Oktoba, sai mu ɗauka ko'ina haka take. Ni kaina na taɓa sayen tafiyar Zanzibar a watan Afrilu daga hannun wani dillalin tikiti saboda arahar da na gani, bai kuma ce mini komai game da yanayi ba. Ashe daga Maris zuwa Mayu ne babbar daminarsu, wadda suke kira masika. Kwana biyar muka yi, huɗu daga ciki muna zaune a baranda muna kallon ruwa yana zuba daga rufin ganyen kwakwa, rigar da na shanya ranar da muka sauka kuwa har muka haɗa kaya ba ta bushe ba. Araha ba ta ado, in ji masu iya magana.

Idan dogon hutun makaranta na Agusta kake da shi, Zanzibar ta fi dacewa, domin daga Yuni zuwa Oktoba rani ne gare su, da iska mai daɗi. Haka ma Morishiyos, wadda take tekun Indiya kudu da layin da ya raba duniya biyu, lokacin ne sanyinta, kuma mutumin Jos ba zai ji baƙunta ba. Sawo Tome, da take nan kusa da mu a mashigin tekun Gini, ita ma daga Yuni zuwa Satumba ne ruwa yake ɗauke mata. Maldibi a wannan lokaci tana cikin damina, shi ya sa kuɗin ɗakunanta yake sauka. Idan kuma hutun Disamba ne, lissafin ya juya: daga Disamba zuwa Afrilu ne Maldibi ta fi kyau kuma ta fi tsada, yayin da Morishiyos take shiga zafi da lokacin guguwar teku, wadda ta fi ƙarfi daga Janairu zuwa Maris. A Karibiyan lokacin guguwa daga 1 ga Yuni ne zuwa 30 ga Nuwamba. Kap Barde ita kaɗai ce kusan duk shekara rana take yi, musamman tsibiran Sal da Boa Vista, sai dai iska tana da ƙarfi a can lokacin hunturu.

Kada a manta da kalandar Musulunci. A Zanzibar da garuruwan Maldibi yawancin gidajen abinci na cikin gari suna rufewa da rana a watan azumi, kuma tun da azumi yana matsowa da kusan kwana 11 kowace shekara, sai an duba shi sabo.

Mataki na uku shi ne ka tambayi kanka da wa za ka tafi, domin tsibirin da ya dace da ango da amarya ba lallai ya dace da magidanci mai yara huɗu da surukarsa ba. Ga iyalin da ba sa son wahalar tambayar abin da yake cikin tukunya, Zanzibar ce a gaba: kusan dukkan mutanenta Musulmi ne, ana jin kiran salla a ko'ina, kuma shinkafar pilau da kifi da shayi mai kayan ƙamshi ba za su yi wa bakin Bahaushe baƙunta ba. Tana kuma da abin gani bayan ruwa, wato tsohon birnin Mji Mkongwe da UNESCO ta sanya cikin wuraren tarihi na duniya a 2000, da gonakin kanumfari. Maldibi ƙasar Musulunci ce ita ma, amma kashi biyu ce. Akwai tsibiran da otal guda ya mallake baki ɗaya, inda ake sayar da giya kuma baƙi suke shiga irin ta Turai, akwai kuma tsibiran da 'yan ƙasa suke zaune, irin su Maafushi, inda aka halatta buɗe gidajen baƙi tun 2009, babu giya, kuma farashi ya fi sauƙi nesa ba kusa ba. A Morishiyos Musulmi tsiraru ne amma suna da ƙarfi, da babban masallacin Juma'a a Port Louis, kuma abincin halal ba ya wuya. A Kap Barde da Sawo Tome sai an yi tambaya, domin naman alade yana shiga girki da yawa, harshen hukuma kuma Fotugis ne. Kifi shi ne mafita.

Na huɗu, ka auna hanya. Daga Abuja jirgin Ethiopian Airlines yana kai mutum Adis Ababa cikin kusan awa biyar, daga nan a canza zuwa Zanzibar. Maldibi an fi binta ta Doha ko Istanbul, kuma tafiyar tana cin yini guda cur. Wanda zai taso daga Jos sai ya ƙara awannin mota ta Akwanga da Keffi, kuma ya fi masa alheri ya kwana a Abuja. Kusancin tsibiri a taswira ba ya nufin sauƙin zuwa: Sawo Tome da Kap Barde sun fi kusa da mu, amma jiragensu ba kullum suke tashi ba. Hutun da bai kai kwana shida ba bai cancanci doguwar hanya ba.

Na biyar shi ne lissafin kuɗi gaba ɗayansa, da dala, kafin ka je wurin 'yan canji a Zone 4. Kuɗin ɗaki da aka rubuta a intanet ba shi ne ƙarshe ba. A Maldibi, otal mai nisa da Male, babban birnin ƙasar, sai an kai ka da kwalekwale mai inji ko ƙaramin jirgin sama mai sauka a kan ruwa, kuɗinsa daban ne kuma kan kai ɗaruruwan daloli ga mutum ɗaya, ga shi jirgin ba ya tashi bayan faɗuwar rana, don haka wanda ya sauka da dare sai ya biya kwana a kusa da filin jirgi. A tsibirin da otal guda ne kaɗai kuma babu mai shayi ko shago a bayan katanga, duk abin da za ka ci a farashinsu ne, saboda haka ka nemi tsarin da ya haɗa da abinci sau uku. Zanzibar ta wajabta wa baƙi inshorar dala 44 tun daga Oktoban 2024.

Bayan tsibiri ya tsaya, saura gefen da za ka sauka, kuma yanzu ne hoto yake da amfani. A gabashin Zanzibar, wajen Paje da Jambiyani, teku yana janyewa nesa sosai sau biyu a yini, har ka ga mata sun shiga inda ruwa yake ɗazu suna aikin gonar ciyawar teku. Wurin yana da kyau ga mai son tattaki, amma yaro mai son wanka zai yi ta jira. A Nungwi da Kendwa da suke arewa ana iya shiga ruwa kusan kowane lokaci.

Wajen biyan kuɗi, a bi wannan tsari: a kama ɗakin da za a iya fasawa ba asara, a nemi biza da shaidarsa, sai ta fito a sayi tikiti. Tun kafin nan kuma a je ofishin lafiya na filin jirgi a yi rigakafin shawara a karɓi katin nan mai ruwan ɗorawa, domin ana tambayarsa ga duk wanda ya fito daga Najeriya, kuma ba ya fara aiki sai bayan kwana 10 da yin allurar.