Kurakuran da ake yi wajen sayen kwamfutar hannu don tuƙa ƙaramin jirgin sama

Da zarar ɗalibin tuƙin jirgi ya kai matakin tashi daga wani gari zuwa wani, abin da ke fara shiga ransa shi ne ya mallaki kwamfutar hannu, irin su iPad, wadda za ta nuna masa taswira da ɗan hoton jirginsa yana tafiya a kanta. Babu laifi a wannan. Ni ma ina amfani da ita, kuma ranar da hazo ya sauko ka kasa bambance titin mota da busasshen rafi, ganin inda kake a kan taswira yana kwantar da hankali ƙwarai. Abin da ke damuna shi ne yawanci sai an riga an saya sannan a zo a ce, "Malam, duba min wannan, ta yi kuwa?" A lokacin kuɗi sun riga sun fita, kuma sau da yawa amsar ita ce ba ta yi ba.

Sayen wadda ba ta da GPS

Wannan ne ya fi cin mutane. Kamfanin Apple yana fitar da kowace iPad iri biyu, mai Wi-Fi kaɗai da mai ɗaukar layin waya. Mai saye sai ya ce ai a sama babu sabis, me zai yi da layi, ya ɗauki mai araha. Abin da bai sani ba shi ne na'urar GPS, wadda ke karɓar saƙon tauraron ɗan Adam, tana cikin mai ɗaukar layi ne kawai. Mai Wi-Fi tana iya ruɗar ka a gida, domin tana ƙiyasta inda kake daga hanyoyin intanet da ke kusa, sai ka ga ɗigo a kan unguwarku ka ɗauka komai lafiya. Kana barin ƙasa ɗigon zai tsaya cak ko ya ɓace.

Ka sayi mai ɗaukar layi, ko da ba za ka taɓa sa mata layi ba. GPS ɗin yana aiki ba tare da layi ko data ba. Wanda kuma ya riga ya sayi mai Wi-Fi, ba sai ya sayar ba: akwai ƙananan na'urorin GPS da ke haɗuwa da ita ta Bluetooth, kamar Garmin GLO da Bad Elf. Sai dai ka ƙara wa kanka abin caji guda, da abin mantuwa guda. A ɓangaren Android da yawa suna zuwa da GPS ko da ba sa ɗaukar layi, amma ba duka ba, don haka ka karanta bayanin samfurin da idonka, kada ka tsaya ga maganar mai shago.

Sayen na'ura kafin zaɓen manhaja

Manhaja ce ke aikin, don haka ita ake fara zaɓa. ForeFlight, wadda ta fi shahara a Amurka, a kan kayan Apple kaɗai take tafiya. Garmin Pilot da SkyDemon da Air Navigation Pro suna aiki a kan Apple da Android. Wanda ya sayi Samsung da niyyar ForeFlight ya yi asara tun daga ƙofar shago.

Akwai abin da ya fi wannan muhimmanci ga mai tashi a nahiyarmu. Mafi yawan waɗannan manhajoji an gina su ne da matuƙan Amurka da Turai a zuciya. Kafin ka biya kuɗin shekara, yi amfani da kwanakin gwaji na kyauta, ka buɗe yankin da za ka riƙa tashi. Duba Zariya, duba Kano da Kaduna, ko Yamai da Zinder idan a Nijar kake. Iyakokin sararin samaniya sun fito? Mitocin rediyo sun yi daidai da abin da ke cikin littafin bayanan da NAMA, hukumar kula da sararin samaniyar Najeriya, ke fitarwa, ko na takwararta ASECNA ga ƙasashen da take kula da su, irin su Nijar? Wuraren da aka hana ratsawa suna nan? Idan manhaja ta nuna maka duwatsu da garuruwa kawai, to taswirar yawon buɗe ido ce ka saya da tsada.

Mantawa da zafin ƙasarmu

A nan zan ɗan daɗe, domin yawancin shawarwarin da ɗalibai ke karantawa mutanen ƙasashen sanyi ne suka rubuta su.

Apple ya rubuta cewa a yi amfani da iPad a yanayin da ke tsakanin digiri 0 zuwa 35, sauran kamfanoni ma kusan haka suke. To a watan Afrilu, a Sakkwato ko Maiduguri, inuwa ma tana haura digiri 40. Ka ɗora a kan wannan cewa ƙaramin jirgi ba shi da na'urar sanyaya ɗaki, kuma irin su Diamond DA40 rufinsu kusan duk gilashi ne, rana tana dukan ka daga sama. Sannan na'urar kanta tana haifar da zafi: haske a ƙure, GPS a kunne, ga caji yana shiga. Idan zafin ya kai mata iya wuya, takan rage haske da kanta, daga nan ta rufe fuska ta bar maka saƙon cewa sai ta huce.

Ya taɓa faruwa da ni, kuma laifina ne. Wata rana da bazara na ajiye tawa a saman allon ma'aunai, ƙarƙashin gilashin gaba, na sauka ina zagayen duba jirgi, aka kuma ɗan jima ana jiran mai. Ban fi minti kaɗan da tashi ba ta ɗauke. Na cire ta daga rigarta, na kara ta a bakin ramin iska, na koma kan taswirar takarda da agogo har ta dawo. Da a ce ban shata hanyata a takarda ba tun a ƙasa, da ranar ta yi tsawo.

Maganin yana farawa ne tun wurin saye. Kada ka sa mata rigar roba mai kauri, balle baƙa, domin ta bayanta take fitar da zafi. Ka nemi mariƙin da ke barin iska ta ratsa bayanta, akwai ma masu ɗauke da fanka a jiki, kuma ga mai tashi a arewa wannan kuɗi ne da ba a yi asararsu ba. Kada ka taɓa barin ta a cikin jirgi a rana, ka sauka da ita a hannunka ko ka tura ta ƙarƙashin kujera. Ka cika batir tun a gida don kada ta riƙa shan caji mai ƙarfi a sama. Idan hanya miƙaƙƙiya ce kuma babu abin dubawa, kashe fuskar na ɗan lokaci, ka juya mata ramin iska. Wanda kuma ya sayi wadda aka taɓa amfani da ita, ya duba batir da kyau. Batirin da ya fara kumbura har ya ɗaga fuska ba shi da wurin zama a cikin jirgi, domin gobarar irin wannan batir a ɗan ƙaramin ɗakin da ba za ka iya tsayawa ka fita ba babbar masifa ce.

Zaɓen babba don ta fi kyau

A shago mai inci 13 ta fi burgewa. A cikin Cessna 172, inda kafaɗarka ke gogar ta malaminka, ta zama kaya. Idan ka ɗaura ta a kan sitiyari za ta rufe maka ma'aunai, idan ka ɗora a cinya sitiyarin zai doke ta lokacin da ka ja shi baya gaba ɗaya, kuma lokacin sauka ne ake buƙatar jan nan. A jirgin da ke da sandar tuƙi tsakanin ƙafafu matsalar ta fi haka, domin sandar tana buƙatar filin zuwa dama da hagu. Shi ya sa matuƙan ƙananan jirage da yawa suka fi son iPad mini mai inci 8.3.

Kada ka yi cinikin biri a sama. Ari ta abokinka, ko ka yanka kwali daidai girman wadda kake so, ka shiga jirgin da za ka riƙa tuƙawa, ka zauna, ka ɗaura bel, ka motsa sitiyari zuwa ƙarshensa ta kowane ɓangare. Abin da ya taɓa sitiyari ko ya kare maka hangen waje bai dace ba, komai kyansa.

Wurin ajiyewa ma yana da nasa tarko. Akwai maganaɗisu a jikin waɗannan na'urori da rigunansu, kuma idan ka kusantar da su ga kamfas sai ya karkace. Gwada a ƙasa: matso da ita a hankali kana kallon kamfas, ka ga inda ya fara motsi. Mariƙin da ake mannawa a gilashi kuwa yakan saki idan zafi ya yi yawa ko jirgi ya yi sama, don haka ka lura da inda za ta faɗa in ta faɗo. Kada ya zama kan fedar ƙafa.

Haske da tabarau

Ana auna hasken fuska da abin da ake kira nit. iPad mini tana da 500, sababbin iPad Pro sun kai 1000. Amma yawan haske ba shi kaɗai ne abin dubawa ba, har da yadda gilashin ke mayar da hasken rana. Ka fita da ita tsakar rana ka duba kafin ka biya. Ka kuma sa tabarau ɗin da kake tashi da shi, domin irin wanda ke tace ƙyalli yana iya mayar da fuskar baƙa ƙirin idan ka juya ta wani ɓangare. Da dare kuma akasin haka ne, ka rage hasken sosai don kada ya kashe maka ido.

Cajar kasuwa

Wasu ƙananan jirage wutarsu volt 14 ce, wasu 28. Cajar mota da aka yi don volt 12 tana iya ƙonewa idan ramin cajin jirgin yana ba da 28, don haka ka duba littafin jirgin. Ko ba ta ƙone ba, caja mai araha takan zuba ƙara a cikin rediyo, ka riƙa jin shuu a kunne har ka kasa jin hasumiyar kula da jirage. Idan ka ji sabuwar ƙara, cire cajar ka saurara. Sannan wadda ba ta kai amfiya 2 ba, za ka ga alamar caji amma batir yana ci gaba da sauka. Fawa bank mai kyau da waya ta biyu a jaka sun fi sauƙin sha'ani.

Sayen abin da a Amurka kaɗai yake aiki

Za ka ga ana yabon na'urori irin su Sentry da Stratus, wai suna kawo bayanin yanayi kyauta a sama. Gaskiya ne, amma daga tashoshin ƙasa na Amurka yake fitowa, a kan mitar rediyo ta megahaz 978, kuma wannan hidima ba ta zo nan ba. A wajenmu za su ba ka GPS, su nuna maka jiragen da ke watsa matsayinsu. Jirgin da ba ya watsawa ba zai fito ba, ko da yana gab da kai. Bayanin yanayi kuwa daga NiMet, hukumar hasashen yanayi ta Najeriya, za ka karɓa kafin ka tashi.

Tsohuwar taswira

Bayanan zirga-zirgar jirage ana sabunta su ne duk kwana 28 a duniya baki ɗaya. Ka sauke sababbi a gida inda intanet ke da ƙarfi, sannan ka kashe Wi-Fi da data ka buɗe hanyarka daga farko zuwa ƙarshe, don ka tabbatar taswirar tana cikin na'urar. Ka sayi mai wadataccen wurin ajiya, kuma ka hana ta sabunta kanta ba da izininka ba. Daren da za ka yi tafiya ba lokacin gwada sabuwar manhaja ba ne. Sanarwar gaggawa kamar rufe titin jirgi kuwa, ka nema daga ofishin bayanai na filin jirgi.

Mayar da ita uwa da uba

A watan Afrilun 2015 matsalar manhajar taswira ta jinkirta tashin jiragen American Airlines da dama, kamfanin da ke da injiniyoyi da matuƙa biyu a kowane jirgi. Kai kuwa kai kaɗai ne da na'ura guda.

GPS ɗin kwamfutar hannu ba a amince da shi a matsayin abin dogaro na tuƙi cikin gajimare ba, taimako ne kawai don ka san inda kake. Tsayin da take nunawa ma ba shi hasumiya ke aiki da shi ba. Mai kula da zirga-zirga yana raba jirage ne da ma'aunin tsayi na jirgi, wanda ka saita da matsin iskar da ya ba ka, kuma bambancin da ke tsakanin biyun yana iya kai ƙafa ɗaruruwa. A wuri kamar Jos, inda filin jirgin kansa ya haura ƙafa 4,000 kuma duwatsu na kewaye, wannan bambanci ba abin wasa ba ne. Ka kuma tambayi makarantarka da ƙa'idar NCAA, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Najeriya, kafin ka ajiye takarda, kada ka ɗauka dokar Amurka ce dokar ko'ina.

Abin da na fi gani a wajen ɗalibai shi ne sunkuyar da kai. Ido yana kan fuska, hannu yana ja yana matsawa, jirgi ya karkata ko ya bar tsayinsa ba a sani ba, shaho ko ungulu ta wuce ba a gani ba. Duk abin da za ka taɓa a sama ka koye shi a ƙasa, a kan kujerar ɗakinka, har yatsanka ya san wurinsa.

Ni dai ɗalibina ba ya kunna tasa a tafiyarsa ta farko. Zai shata layi a takarda, ya lissafa iska da mai da lokaci, ya nemo alamominsa ta taga, madatsar ruwa ko layin dogo ko mahaɗar titi. Bayan ya iya wannan sai mu kunna, ya sa manhajar a wayarsa ma don ko-ta-kwana. Wani lokaci muna tsakiyar tafiya nakan miƙa hannu in kife ta a kan cinyarsa, in ce ya faɗa min inda muke da minti nawa suka rage mu isa.