In makaɗan rock suka sauka garin da kake, ga yadda za ka je ka dawo da kunnenka lafiya

Tunda yaranmu na Ringim da Gumel da Ɗambatta suka bazu karatu Indiya da Masar, wasu kuma suna saro kaya a Dubai, tambayar nan take ta zuwa min a waya don an san ni da jin kiɗan jita na Turawa da ake kira rock, wai ya ake zuwa kallon makaɗan in sun zo gari. Kuma suna yawo fa, Guns N' Roses na Amurka sun yi wasa a Johannesburg a 2018, sun yi a Mumbai a 2025, Metallica ma sun taka Riyad a ƙarshen 2023. Maganar hukuncin kiɗa wannan tsakaninka da malaminka ne, ni da wanda ya riga ya ɗaura niyya nake.

Tikiti dai ka saya a shafin makaɗan ko kamfanin da suka ambata, kuma da wuri, don mai sauƙin kuɗi shi ke fara ƙarewa. Wanda ya tare ka a bakin ƙofa ya ce yana da ragowa rabin kuɗi, ka ce Allah ya ba da kasuwa ka wuce, hoton tikiti ɗaya yake tura wa mutum biyar wanda ya fara shiga shi ya ci. Akwai na tsaye a fili akwai na kujera, in zuwan farko ne ɗauki na kujera kawai.

Yanzu ga inda na fi so ka saurara, ƙanena. Ƙarar wajen nan ba wasa ba ce wallahi, sifikoki ne jere an rataye su sama sun fi tsayin ɗaki, in mai ganga ya taka babbar gangarsa a ƙirjinka za ka ji ta kafin kunne, rigarka ma sai ta yi rawa. Masana sun ce ƙara mai desibel 85, wato ma'aunin ƙarfin ƙara, awa takwas ne iyakarta a yini, in ta kai 100 kuwa minti 15 kacal, kuma wasan rock yana kai 100 har ya wuce, awa biyu ko uku ana abu ɗaya. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da shawara a 2022 cewa wuraren kiɗa kar su zarce 100. Ka tuna mai injin niƙa na garinku da ya shekara da shekaru a gindin inji, sai ka ɗaga murya kake masa ciniki, to hanyar ɗaya ce, akwai wasu 'yan gashi ƙanana can cikin kunne da suke ɗaukar sauti, in suka mutu ba sa sake tsirowa, babu allura babu rubutu.

Maganin kuma araha ne. Shiga kemis ka ce a ba ka soson toshe kunne, ka murza shi da yatsu ya zama siriri, ka zagayo da ɗaya hannun ta bayan kai ka ja kunnen sama, ka tura, ka riƙe da yatsa ya kumbura a ciki. Za ka ji kiɗan tsaf, hayaniyar ce kawai take raguwa. Auduga ba ta yin wannan aikin, kar wani ya ruɗe ka. Kar ka tsaya gindin sifika ko da nan ne kawai fili, kuma in ka kwana kunnenka yana ta wani kuka siii har ya wuce kwana biyu, je asibiti.

A gaban dandamali za ka ga samari sun buɗe fili suna bangazar juna kamar an tashi dambe, ba faɗa ba ne kar ka naɗe hannun riga, rawarsu ce haka, wanda ya faɗi su ɗaga shi a ci gaba. Silifa da babbar riga da hular nan taka mai tsada bar su a ɗaki, kambas za ka sa, waya kuma aljihun gaba.

Sallah ka lissafa ta tun daga gida, don ana buɗe ƙofa da wuri ƙananan makaɗa su fara ɗumama waje, manyan sai dare ya yi, kuma wurare da yawa in ka fita ba komawa. Shiga da alwalarka, ka tambayi ma'aikata inda za ka ɗan raɓa ka yi. Ana sayar da giya a yawancin wuraren, kar ka karɓi kofi daga hannun wanda ba ka sani ba, sayi ruwan gora da kanka.

Fitowa ita ce wahalar, dubban mutane lokaci ɗaya, netwok ya ɗauke kuɗin tasi ya ninka, don haka kai da abokan tafiyarka ku tsayar da wajen haɗuwa tun kafin ku shiga, ka rubuta adireshin masaukinka a takarda ko caji zai ƙare. Can ƙarshe makaɗan za su sauka kamar sun gama, jama'a su yi ta ihu da tafi sai su dawo su ƙara waƙa biyu ko uku, in jirgin ƙasa na ƙarshe kake son samu to lokacin ihun nan za ka sulale.