Yadda na gyara Corolla ta bayan na sauya mata matatar iska

Alhamdu lillahi, Corolla ta ƙirar 2010 ta dawo daidai. Na cire akwatin matatar iska na asali, na ɗaura buɗaɗɗiya mai siffar mazurari, irin wadda ake shafa wa mai. Ba a jima ba motar ta fara kakkarwa a sulo, totur ya yi nauyi, fitilar gargaɗin inji ta kama.

Na canza fulogi, a banza. Aka duba famfon fetur, lafiyarsa ƙalau. Sai da aka jona na'urar bincike ta nuna lambar matsala P0171, wato iska ta rinjayi fetur.

Ashe man matatar ne ya haɗu da ƙurar hunturu ya lulluɓe sensar auna iska. Na kashe inji, na zare soket ɗinta, na kwance sukurori biyu, na fesa mata maganin wanke sensa. Ban taɓa siririyar wayar ciki ba, don saurin lalacewa gare ta. Minti 15 ta bushe, na mayar. Na dawo da akwatin asali da busasshiyar matata, na ƙara ɗaure bakin tiyon iska, sannan aka goge lambar. Mako uku ke nan fitilar ba ta sake kamawa ba.

Na gode wa bakanikenmu, Allah ya saka da alheri.