Babi na 7: Idan Karenka Ya Ƙi Cin Abinci

Jama'a barkanmu da war haka. Wanga babi da farko bai cikin tsarin littafin nan, abin da ya jawo shi wani dattijo ne a ajinmu na dare nan Argungu, mai gadin gonar shinkafa can fadama, ran nan ya zo ya zauna shiru littafi buɗe gabanshi ko baƙi ɗaya bai rubuta ba. Na ce Baba lafiya dai? Ya ce Malam karen nan nawa ne, yau kwana ukku bai sa komi bakinai ba, ni ko barci ban iyawa. Aji ya ɗau dariya wai dattijo da gemu yana jimamin kare. Ni ban yi dariya ba, don karen nan shi ke tsaron gonar da dare, kuma kun san hadisin mutumin da ya ɗebo ma kare ruwa cikin rijiya da huffinshi Allah ya gafarta mai. Zancen tsarki da wankin kwano ku kai ma malaman fiƙihu, ni nawa karatu da rubutu ne da ɗan abin da na koya wajen malaman dabbobi.

Ku bi a hankali, wanda bai gane ba ya sake karantawa ba kunya, gemu ba ya hana ilimi.

Darasi na 1: Kalmomi huɗu

Rubuta waɗannan cikin littafinka, kowace sau biyar:

kare
ƙare
kashi
ƙashi

Dubi kan harafin da kyau. Ɗaya k ce tsaye, ɗaya ƙ ce mai lanƙwasa a sama kamar ƙugiya. Kare shi ne dabbar, ƙare kuma abu ya zo ƙarshe. Kashi bayan gida, ƙashi na cikin nama. Kada ka ce ƙaramin abu ne, in ka rubuta ma likita "ya ci kashi" alhali ƙashin kifi ya ci, ka kai shi wata hanya daban.

Darasi na 2: Tsaya nesa tukuna

Kafin ka taɓa kare marar lafiya, ko naka ne tun yana kwikwiyo, tsaya kamar taku biyar ka dube shi. Dalala na zuba daga bakinshi? Haɓarshi ta ƙasa ta saki baki buɗe ba ya iya rufewa? Haushinshi ya canza murya? Yana cizon icce, ƙasa, igiya, duk abin da ya samu? Ƙafafun baya na ja? Kare mai faram-faram ya koma mugu ko mai faɗa ya yi laƙwas ba dalili?

In ka ga irin waɗannan, darasin ya ƙare nan wajenka. Ka rufe shi inda yara ba su kai, ka nemi malamin dabbobi, don tana yiwuwa ciwon haukan kare ne. Mutane da yawa suna ganin baki buɗe su ce ƙashi ya maƙale mai a wuya su zura hannu su ciro, to nan ake ɗaukar cutar, cikin yawu take. Wanda kare ya ciza ko ya lashi inda ke da rauni, ya wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu minti 15, cikakku, a duba agogon waya, sannan asibiti a ranar ba gobe ba. Ciwon nan in ya bayyana jikin mutum kusan ba a tashi. Karen da ya yi cizon kuma ana tsare shi kwana 10 ana lura da shi.

In ba ka ga ko ɗaya ba, alhamdu lillahi, matso kusa.

Darasi na 3: Ruwa

Nan nake so ku buɗe kunne, don nan ne kowa ke faɗuwa. Mai kare hankalinshi na kan abinci, ya kawo tuwo ya kawo nama ya kawo kifi, alhali babban kare na iya yin kwana biyu bai ci ba bai mutu ba, abin da ke saurin kada shi ƙarewar ruwan jiki ne, balle in yana amai da zawo, balle kwikwiyo, balle zafin watan Afrilu irin namu na Kebbi.

Ga yadda za ka gane. Kama fatar bayan wuyanshi tsakanin kafaɗu da yatsu biyu, ɗaga sama kaɗan, saki. In ta koma nan take da sauran ruwa jikinshi. In ta tsaya tsaye kamar an naɗe tsumma tana komawa a hankali, ruwa ya yi ƙasa. Sai ka ɗaga leɓenshi na sama daga gefe ka dubi dasashi. Na mai lafiya ja-ja ne mai damshi, ka danna da yatsa ya yi fari ka saki jan ya dawo kafin ka ƙirga biyu. In ya bushe yana kama yatsa, ruwa ne babu. In ya yi fari fat ko ɗorawa-ɗorawa to jini ne ya yi ƙasa, sau da yawa kaska ce ko tsutsar ciki, wannan aikin likita ne. Ka wanke hannu da sabulu bayan ka gama.

Kare mai nauyin kilo 10 yana bukatar kamar ledar fiya wata ɗaya a yini, mai kilo 20 leda biyu, lokacin zafi ya fi haka. In yana sha da kanshi ka aje mai ruwa mai tsabta a inuwa shi ke nan. In ba ya sha, ko yana zawo, sai a haɗa ruwan gishiri da sukari irin wanda ake ba yara. In kana da kuɗin na kemis na cikin takarda ya fi. In babu, ga haɗin:

Ruwa: ledar fiya wata 2 (lita ɗaya ke nan)
Sukari: cokalin shayi 6
Gishiri: rabin cokalin shayi

Karanta da ƙarfi. Sukari shida. Gishiri rabi.

Sake. Sukari shida, gishiri rabi.

Cokalin shayi nake nufi, ƙaramin nan, ba na cin shinkafa ba, ba ludayi ba. Kuma shafe, wato ka cika cokalin ka bi da yatsa a kai ka share tozon ya yi daidai da bakin cokali. Shi ya sa na ce shafe. Sukari shida shafe, gishiri rabi.

Mi ya sa nake ta maimaitawa? Ranar da munka gwada cikin aji da kwano da cokali, mutum fiye da rabi sunka juya shi, sunka zuba gishiri shida sukari rabi. Ba laifinku ba ne, sunan ne ke ruɗi, tunda ana cewa "gishiri da sukari" gishirin ke fara zuwa a baki sai hannu ya ba shi babban kaso. To ku riƙe haka: sukari da shida duk da s suke farawa. S da s. Sukari shida. Gishiri shi ko a miya ɗan kaɗan ake sawa, rabi. Ka ɗanɗana kafin ka ba shi, kada gishirin ya wuce na hawaye, in ya wuce zubar ka sake, ba asara ba ce, ruwan gishiri mai yawa ƙara ƙona shi zai yi.

Aiki: cike gurbi.
Sukari cokali ____
Gishiri ____ cokali
Ruwa leda ____

Wanda ya ci duka ukku madalla, wanda ya faɗi ya koma sama ya karanta, sannu ba ta hana zuwa.

Yanzu bayarwa. Sayi sirinji a kemis ka cire allurar ka yar inda yaro ba ya gani. Ka zuƙi ruwan, ka sa bakin sirinjin a gefen baki tsakanin kumatu da haƙora, ka matsa kaɗan kaɗan ka bari ya haɗiye da kanshi. Kwikwiyo cokalin shayi ɗaya duk minti goma, babban kare babban cokali biyu zuwa ukku. In ya yi amai ka dakata kamar awa ɗaya ka sake farawa da ƙasa da haka. Kada ka ɗaga kanshi sama ka ɗura mai kamar ana ɗura ma rago, ruwan huhu zai tafi. Karen da ya sheme ba ya iya haɗiya ba a ba shi komi ta baki, ƙarin ruwa yake bukata wajen likita.

Kuma haɗin ba ya wuce kwana ɗaya, gobe war haka a zubar a yi sabo. Sabon ma dai sukari shida ne gishiri rabi, bai canza ba don gari ya waye.

Wallahi wani lokaci kuna ba ni haushi. Sati biyu bayan munka yi wanga darasi na tambayi wani magidanci, mutumin da ke lissafin buhunan shinkafa da ka bai kuskure ko mudu, ya ce mani gishiri ukku sukari ukku wai don a yi adalci. Haba Alhaji! Rabon gado muke? In ba za ku riƙe ba ku rubuta da gawayi jikin bangon zaure, ai don haka kunka zo koyon rubutu.

Sukari 6. Gishiri ½. Wannan alamar ta ɗaya bisa biyu ita ce rabi, ku koyi rubuta ta.

Darasi na 4: Takardar da za ka kai ma likita

Ruwan nan riƙon ƙwarya ne kawai kafin a kai ga mai sani, ba ya kashe cuta. Babban kare in ya cika kwana biyu bai ci ba a kai shi asibitin dabbobi, kwikwiyo kuwa ko yini ɗaya kada ya cika. In akwai jini a zawo ko amai, ko fitsari ya yi ja kamar shayi, ko ciki ya kumbura, ko kana zaton ya ci maganin ɓera, ba jira, a tafi, kuma a tafi da ledar gubar in an gan ta. Kwikwiyo mai amai da zawon jini mai ɗoyi yawanci cutar fabo ce, tana kisa cikin 'yan kwanaki kuma tana kama sauran, a ware shi, a wanke wurin da bilic.

Kafin ka tafi ka rubuta amsar waɗannan, don na lura gaban likita kowa sai ya ce "tun kwanaki dai": wace rana ya daina ci, mi ya ci na ƙarshe, amai sau nawa, launin kashi, an taɓa yi mai rigakafi ko a'a. Zafin jikin kare mai lafiya 38 zuwa 39 ne a ma'auni, ya ɗara na mutum, likita zai auna ka roƙe shi ya nuna maka lambar ka karanta da kanka. Taɓa hanci a ce ya bushe ba awo ba ne.

In asibitin garinku abin ya fi ƙarfinsu akwai asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato.

Darasi na 5: Abin da ba a ba shi

Farasitamol da ibufurofen da sauran maganin ciwon jiki na mutane, a'a, suna ɓata mai hanta da ƙoda da ciki. Manja da madara da ake ɗurawa wai maganin guba, a'a. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Ragowar miya mai albasa da yawa ita ma a'a, albasa na lalata jinin kare, na san mu nan albasar Aliero ta sa komi sai mun zuba amma ban da kwanonshi.

Darasi na 6: In ya fara neman abinci

Farar shinkafa dafaffa lugub, ba mai ba yaji ba magi, da ɗan naman kaza ko kifi da anka cire ma ƙaya tas. Loma biyu ukku, sau huɗu a yini. Ruwa na nan gefe.

Darasi na 7: Rigakafi

Ta fabo daga sati 6 zuwa 8 da haihuwa, likita zai faɗi ranar komawa. Ta haukan kare wata 3, sannan duk shekara. A karɓi kati a aje. A riƙa duba kunne da tsakanin yatsu ana cire kaska.

Aikin gida: rubuta haɗin ruwan nan sau goma ba tare da ka leƙa littafi ba. A zo da cokalin shayi ranar Litinin, kowa nashi, ba ni ara ma kowa.