Yadda za ka karanta haɗuwar X-Men da Star Trek

Idan kana Nima ko Sabon Zango a Accra, kuma ka samu littafin zane da kamfanin Marvel ya fitar a 1996, wanda ya haɗa jaruman X-Men da ma'aikatan Enterprise, jirgin sararin samaniya na shirin talabijin na Star Trek, kada ka yi gaggawar buɗe shi. Fara kallon kashi biyu ko uku na shirin Star Trek na 1966, ko da a waya ne, domin ka san halin Kyaftin Kirk da mataimakinsa Spock. Sannan ka riƙe cewa Beast, ɗaya daga cikin jaruman X-Men, sunansa na asali Hank McCoy ne, likitan jirgin ma McCoy ne. Da aka kira "Dakta McCoy", su biyun suka amsa tare, kuma a ganina wurin ya fi faɗace-faɗacen armashi.