Kurakuran da Ake Yi Idan An Kwance Giyabos ɗin Tsohuwar Mota a Gida

Ni ba fita ba ne, wato ba makanike ba ne. Aikina daban, sai ranar Asabar da Lahadi nake shiga rumfar da na kafa a bayan gidanmu a Aboabo cikin Kumasi, inda Peugeot 504 ta mahaifina take zaune, da wani tsohon injin sassaƙar ƙarfe, let kamar yadda ake kiransa, da na saya hannun wani tona, wato mai sana'ar sassaƙar ƙarfe, da ya tsufa. Fijo 504 ta fara fitowa a Faransa a 1968, aka ci gaba da haɗa ta a Kaduna shekaru masu yawa bayan Turawa sun daina, shi ya sa har yau kayanta ba su ɓace a kasuwannin kayan mota na Suame Magazine a Kumasi da Abossey Okai a Accra ba. Amma suna ƙarewa. Abin da ka lalata yau ba lalle ka sami madadinsa gobe ba, kuma yawancin kurakuran da zan ambata a nan ni da kaina na tafka su kafin na gane.

Na farko yana faruwa tun let bai juya ba. Mutum ya sauke giyabos, zumuɗi ya kama shi, ya zazzage komai cikin daro ɗaya ya zuba kananzir. Bayan sati uku ya dawo, ga wasa-wasai sirara guda biyar masu kama da juna, bai san wanne ke gaban wanne ba. Waɗannan siraran, shim ake ce musu, su ne ke tsayar da yawan wasan da shaf zai yi gaba da baya, kuma kaurinsu ya bambanta da abin da ido ba ya gani. Maganin ba ya cin ko sidi ɗaya: ɗauki hoto da waya a kowane mataki, zura kayan kowane shaf a jikin waya ko sanda bisa jerin da suka fito, fuskar da ke kallon gaba ta ci gaba da kallon gaba. Kafin ka ciro haƙoran daga shaf ma, auna wasan kowannensu da filla-geji, wato siraran fallayen ƙarfe na auna rata, ka rubuta. Wannan rubutun shi zai faɗa maka inda ciwon yake.

Daga nan sai awo, kuma a nan zan daɗe, don nan ne masu sha'awa irina suka fi faɗuwa. Da na kai wa wani masta a Magazine shaf ɗin da na sassaƙa, ina ta alfahari, sai ya juya shi a hannu ya ce, "Ɗana, da me ka auna?" Na ce da baniya, Baba. Ya yi dariya har ya kira yaransa su gani. Baniya, wato ma'aunin kauri mai baki biyu da ake zamewa, na da amfani, amma ba ta isa wurin zaman boris ba. Bambanci tsakanin boris da ya zauna daram da wanda zai riƙa juyawa a kan shaf bai wuce 0.01 zuwa 0.02 na milimita ba. Gashin kanka ya fi haka kauri sau uku ko fiye. Aikin maikiromita ne wannan, ma'aunin da ake murɗawa wanda ya fi baniya kama ƙaramin awo, kuma kafin ka yarda da ita sai ka gwada ta da sandar gwajin da ke cikin akwatinta.

Akwai wani tarko cikin awon kansa: zafi. Ƙarfe da ka gama yanka yana da zafi, ya kumbura. Shaf mai kaurin milimita 30, in ya fi ɗaki zafi da digiri 40, ya ƙaru da kusan 0.014. Ka auna a lokacin, ka ga daidai, ka tafi sallar la'asar, ka dawo ya huce ya zama ƙasa da abin da ake so, boris na shiga yana fita kamar zobe a yatsar yaro. Bar kusan rabin milimita, kashe inji, je ka sha shayi, ka dawo ka yi yankan ƙarshe a sanyaye.

To in an riga an yi ɓarnar fa? Abin da aka saba shi ne a ɗauki fonci a bubbuga jikin shaf ya yi ƙuraje, boris ya kama. Zai kama, na wata biyu. Ƙurajen za su kwanta, kuma kafin nan boris ya zauna a karkace. In ratar kaɗan ce, akwai gam na musamman na riƙe boris, Loctite na yin irinsa. In ta yi yawa, rage wurin sosai, sassaƙa hannun riga na ƙarfe ka dasa da zafi, sannan ka sassaƙe shi zuwa awon gaskiya.

Wani kuskuren shi ne yarda da bakin let, wato abin da ke riƙe ƙarfen da ake sassaƙa, mai haƙora uku. Yana kama abu da sauri, amma tsohon baki ba ya kama shi a tsakiya cif. Shaf ɗin giyabos yana da 'yan ramuka a ƙarshensa biyu, a kansu aka juya shi a masana'anta. Share su, ɗora shaf tsakanin tsini biyu, sa agogon awo a wurin zaman boris ka juya da hannu ka ga ko allura na rawa. In dole sai an kama da baki, yi amfani da mai haƙora huɗu ka daidaita da agogo, ko zai ci maka rabin awa.

Su kuma haƙoran giya, ka bar su. Fatarsu kawai aka ƙona ta yi tauri, zurfinta milimita ɗaya ko ƙasa da haka, cikin kuma da taushi don kada su tsage. Wanda ya ga haƙori ya ɗan ci ya sa giranda ya gyara masa fuska, ya cire taurin ke nan. Wanda ya cike karyayyen haƙori da walda ya fi shi ɓarna, don zafin ya kashe taurin na kusa da shi, kuma ranar da cikon ya ɓalle zai bi mai ya shiga tsakanin sauran. Na san ana yi wa motar haya haka don ta kai yamma. Motar da kake so jikanka ya gani ba a yi mata haka. Je ka nemo wani a tsofaffin giyabos, kuma ka sayo shi da abokin cizonsa in zai yiwu, don waɗanda suka tsufa tare su ne ba sa kuka. Abin da let ɗin gida zai yi da kyau shi ne bushi, wasa, hannun riga, abin tura boris, farantin haɗi. Wato kayan da in ka ɓata za ka yanko wani ƙarfe ka sake.

Zoben tagulla na sinkiro, wanda ke daidaita gudun giya kafin ta shiga, shi ma mutane kan duba haƙoransa na waje su ce lafiya. Aikinsa a ciki yake. Ɗora shi kan mazubin giyarsa ka danna ka murɗa: in ya cije, da sauransa, in ya zame ko ya sauka har ya taɓa haƙoran giya ba rata, ya mutu, komai ƙyallinsa.

Gidan giyabos na 504, wanda Peugeot ke kira BA7, alminiyam ne, kuma gida biyu ne da ake haɗewa a tsaye kamar ɓawon gyaɗa. An huda mazaunin boris ɗinsa ne bayan an ɗaure ɓarin biyu tare. Saboda haka ɓarin wannan ba ya auren ɓarin wancan, ko da lambarsu ɗaya. Haka kuma in ka ga yana yoyo ka ce bari in goge fuskar haɗin a kan takardar yashi, ka mayar da ramin boris ƙwai. Wanke fuskar, cire ƙurajen da sukurdireba ya bari da dutsen wasa a hankali, shafa gam siriri kamar mai a leɓe. Masu lafta silikon kamar ana yaɓen ɗaki su sani rabinsa ciki yake matsewa, ya tsinke, ya toshe hanyar mai.

Ga wani ƙaramin abu da ya ci mini gida guda: Faransawa na son bol mai lamba M7, wanda kansa ke ɗaukar sifana 11. Ba kowane mai kayan noti ke da shi ba, sai ya miƙo maka M8 ko na inci ya ce zai shiga. Zai shiga, ya tafi da zaren alminiyam. Masu tsohuwar Land Rover su ma su kula, zarenta na Ingila ne, ba na milimita ba. In zare ya riga ya tsige, a sa masa Helicoil, wato naɗaɗɗiyar wayar da ke maye gurbin zare, kada a faɗaɗa ramin a cusa babba. Kuma alminiyam ba ya son hannun mai ƙarfi, a ɗaure da sifanar awo bisa littafi.

Boris ba a sa shi da guduma. In zai hau shaf, ɗumama shi zuwa wajen digiri 100, kada ya wuce 120, ya zame da kansa. In zai shiga gidan alminiyam, gidan za ka ɗumama, don alminiyam na buɗewa kusan ninki biyu na ƙarfe: rami mai faɗin milimita 62, in ya ƙara digiri 70, ya buɗe da kusan 0.1. Tafasasshen ruwa ya isa. In kuwa sai an tura, a tura zoben da ke matsewa, kada ƙarfin ya ratsa ta cikin ƙwallayen. Boris ɗin jabu kuma ya cika kasuwa, kwalinsa ya fi na gaske kyau. Ni dai wanda ya yi araha fiye da kima ba na ɗauka.

Yanzu ga abin da ke jawo yawancinmu cikin wannan wahala: giya ta biyar. Wanda ya taɓa bin hanyar Kumasi zuwa Ankara, wato Accra, da 504 mai giya huɗu ya san kukan da inji ke yi. Giya ta huɗu kai tsaye ce, juyi ɗaya na inji juyi ɗaya na farfela. A ce ta biyar 0.85 ce, injin da ke juyi 4000 zai sauko 3400 a gudu ɗaya. Shi ya sa ake ɗauko mai giya biyar daga 505, wadda ta fito a 1979. Kuskuren shi ne a ɗauka da ya ɗauru a jikin inji an gama. Mai biyar ya fi tsawo, kuma farfelar 504 cikin bututu take tafiya har aksul, don haka bututun da farfelar duka sai an rage su daidai wa daida. Auna a jikin motar, sau biyu, motar na tsaye kan tayoyinta. Yankan da waldar farfela kuwa ni Magazine nake kaiwa wurin mai dogon let, don in ta karkace kaɗan, a gudun 80 za ka ji kujera na rawa, ba da daɗewa ba kuma boris ɗin baya ya tafi. Kada a manta da mazaunin giyabos, da inda sandar giya za ta ɓullo, da ƙaramar giyar sifidomita, in ba haka ba agogo zai riƙa yi maka ƙarya a gaban 'yan sanda.

Masu haɗa giyabos na wata mota daban da farantin haɗi, aikinsu ya fi haɗari. Bol ba ya daidaita tsakiya, ɗaurewa kawai yake yi. Akwai ƙusoshi biyu gajeru marasa zare tsakanin inji da giyabos, su ne ke sa shaf ɗin giya ya kalli tsakiyar kuranshaf, kuma su ne ake jefarwa don sun hana faranti shiga. Manna agogon awo a fulawil, bakinsa na taɓa cikin ramin gidan kuloci, juya inji zagaye ɗaya. Abin da allura ta nuna ka raba biyu, shi ne kaucewar. Abin da aka saba yarda da shi bai wuce 0.13 ba. In ya wuce, ana sassaƙa ƙusoshi masu ɗan doro a gefe su ja gidan ya dawo tsakiya, kuma wannan aiki ne da let ɗin gida ke yi tsaf. Rashin yin haka ne ke sa giya ta huɗu ta riƙa fita da kanta, kuloci na karkarwa, mutum ya yi ta canja faranti yana zagin mai kaya.

Batun mai gajere ne. Ba kowane giyabos ke shan man giya mai kauri ba. BA7 baƙin man inji Peugeot ta rubuta masa, lita ɗaya da 'yan kai. Waɗanda ke shan man giya kuma masu zoben tagulla, GL-4 ya fi dacewa da su, GL-5 na aksul ne, santsinsa na hana zoben cizo. Duba ƙaramar kafar numfashi ta sama: ƙurar hunturu na toshe ta, mai ya yi zafi ya nemi hanya ta sil, ka canja sil sau uku a banza. Damina kuma, duk abin da ka sassaƙa ka shafe shi da mai a daren, in ba haka ba raɓar Kumasi za ta yi masa jan lalle kafin asuba.

Let ba ya san mai shi. Jallabiya, hannun riga mai faɗi, safar hannu, carbi a wuyan hannu, duk a ajiye su a ƙofa. Makullin baki kada ya kwana a jikin baki ko na daƙiƙa ɗaya. Sannan ga dumsor: in wuta ta ɗauke kana tsakiyar yanka, ja wuƙar baya ka kashe makunni kafin ka nemi tocila, don wutar ba ta sallama in za ta dawo. Na sa wa nawa makunnin da ba ya tashi da kansa bayan ranar da ƙanena ya jingina da injin cikin duhu yana jira.

Kafin ka ɗaga giyabos ka mayar cikin mota, sa kowace giya a kan benci ka juya shaf da hannu, har da ribas. In ya hau, kada ka fara da babbar hanya. Ni hanyar Mampong nake bi, in hau tudun a ta uku, in gangaro na ɗage ƙafa daga totur, don a gangara ne giyar da ba ta zauna ba take tsalle ta fita. Bayan kilomita 500 sai in zubar da man yana da ɗumi cikin farin kwano in fita da shi rana. Ƙura mai laushi kamar kwalli ba komai ba ce. In na ga ɓarɓashi mai ƙyalli ruwan zinariya, zobe ne ke ci, sai in sake shimfiɗa kwali a ƙarƙashin mota.